Al'adun Jamusawa a Makarantar Gida: Darussa Shida don Iyali

Nassosin karatu: Maimaitawar Shari'a 6:4-9, Ayyukan Manzanni 17:24-28, 1 Tasalonikawa 5:21

Gabatarwa

Yaron da ya tashi a Shamaki, cikin garin Gombe, ya riga ya san sunan Jamus tun kafin wani malami ya nuna masa ita a taswira. Ya ji sunan a bakin yayyensa masu zuwa gidan kallon ƙwallo domin wasan Bayern Munich da Dortmund. Ya ga kakansa yana kama Muryar Jamus a rediyo, tashar da ta fara watsa shirye-shirye da Hausa tun 1963. Ya ji ana cewa ɗan gidan wane ya tafi can karatu ko neman aiki. A watan Disamba kuwa yakan ga itacen roba da aka yi wa ado da fitilu a gaban majami'a, bai kuwa san cewa daga ƙasar Jamusawa wannan al'ada ta bazu cikin duniya ba.

Sanin da ya samu ta wannan hanya guntu-guntu ne, yawancinsa kuma na ƙyalƙyali. Yaro yakan ɗauka cewa duk abin da ya fito daga Turai ya fi na gida, sai ya kwaikwayi siffar abu ba tare da ya san dalilinsa ba. Iyayen da suka keɓe lokaci domin koyar da 'ya'yansu a gida suna da zarafin gyara wannan. Manufar darussan nan ita ce yaro ya koyi tambaya guda, ya riƙa yin ta a kan kowace al'ada, tasa da ta baƙi: wa ya fara ta, kuma me yake so ya koyar? Al'adun Jamusawa sun dace da wannan horo, gama wasu daga cikin fitattunsu an fara su ne musamman domin a koya wa yara bangaskiya da halin kirki.

Yadda za a shirya

An tsara darussan su bi watannin Oktoba, Nuwamba da Disamba, domin a cikinsu ne manyan ranakun Jamusawa suke jere. Kowane darasi yana bukatar maraice ɗaya, kamar minti arba'in bayan sujadar iyali. Kowane yaro ya sami littafin rubutu na musamman. Ƙanana su yi zane da aikin hannu, waɗanda suka kai shekara goma kuwa su rubuta abin da suka ji da kalmominsu. Uba da uwa su raba darussan tsakaninsu, kada a bar wa uwa nauyin ita kaɗai.

Yana da kyau yara su sani tun da fari cewa a Jamus doka ta wajabta wa kowane yaro zuwa makaranta, ba a yarda iyaye su riƙe shi a gida a madadin haka ba. Duk da haka ba a ɗauke wa iyaye aikin tarbiyya ba. Haka ma darussan nan ƙari ne a kan abin da ake koya a aji.

Darasi na 1: Taswira da tsohuwar dangantaka

A fara da taswira a makon farko na Oktoba. Jamus tana tsakiyar Turai, tana iyaka da ƙasashe tara, tana da jihohi 16 da mutane sama da miliyan 83. Babban birninta Berlin ne. Nijeriya ta ninka ta girman ƙasa fiye da sau biyu da rabi. Yara su zana ƙasashen biyu gefe da gefe, su kuma zana tutar Jamus mai launin baƙi, ja da ruwan zinariya.

Daga nan sai a nuna musu cewa hanyar da ta haɗa Jamus da arewacin Nijeriya tsohuwa ce. Heinrich Barth, mutumin Hamburg, ya shiga Kano a 1851, ya koyi Hausa, mutane suna kiransa Abdulkarim. Eduard Vogel ya bi ta Gombe a 1855, Gerhard Rohlfs kuma a 1867, a kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Legas. Gomben da suka gani ita ce Gombe Abba, tsohon mazaunin masarautar da Buba Yero ya kafa, domin garin Gombe na yanzu sai a 1919 ya zama mazaunin sarki.

Labarin da yara za su fi so shi ne na Dorugu, wani yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram wanda aka kama bauta, aka 'yantar da shi, ya yi wa Barth hidima, ya kuma bi shi zuwa Ingila da Jamus a 1855. A Ingila ya zauna da James Frederick Schön, Bajamushe mai aikin bishara, ya taimake shi da Hausa. Schön ya fassara wasu littattafai na Littafi Mai Tsarki, ciki har da Matiyu da Farawa, ya wallafa ƙamus na Hausa a 1876, sa'an nan littafin Magana Hausa a 1885, inda labarin rayuwar Dorugu yake. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa bai fito ba sai 1932, amma a farkon aikin akwai hannun Bajamushe da bakin yaro Bahaushe.

A ambaci Karl Kumm, wanda aka haifa a Jamus a 1874, ya jagoranci 'yan mishan na farko na Sudan United Mission zuwa Wase a 1904. Ikilisiyoyi da dama na arewa da tsakiyar Nijeriya sun fito daga wannan aiki. A zamanin baya-bayan nan ma masana daga Jami'ar Frankfurt sun yi bincike a kudancin Gombe, Farfesa Herrmann Jungraithmayr kuma ya wallafa ƙamus na harshen Tangale a 1991. Yaron da yake jin kunyar harshen iyayensa ya kamata ya ji cewa wani ya taso daga Turai ya ba da shekaru yana rubuta kalmominsa. Aikin gida shi ne kowane yaro ya rubuta kalmomi goma na harshen kakanninsa da ma'anarsu.

Darasi na 2: Godiyar girbi da ladabin gida

A yawancin ikilisiyoyin Jamus ana yin sujadar godiyar girbi a Lahadin farko na Oktoba. Sunanta Erntedankfest. Ana jera alkama, dankali, tuffa da burodi a gaban bagade, bayan sujada kuma a kai su ga mabukata. Wannan ba baƙon abu ba ne ga yaron da ya ga iyayensa suna kai masara, dawa, wake da gyaɗa majami'a a lokacin kaka. Amfanin gonar ya bambanta, Mai bayarwa ɗaya ne. A karanta Maimaitawar Shari'a 26:1-11, yara su ga inda tushen al'adun biyu ya haɗu.

Burodi shi ne ginshiƙin abincin Jamusawa, an kuma ƙidaya iri fiye da 3,000. Abincin dare na gargajiya suna kiransa Abendbrot, wato burodin maraice. Iyali za su iya gwada wainar dankalinsu: a fere dankalin Turawa, a goga shi tare da albasa, a matse ruwan, a zuba ƙwai da ɗan fulawa da gishiri, a soya da ɗan mai har ya yi ja. Yara maza da mata duka su sa hannu.

A kan abincin sai a koyi kalmomi kaɗan. Guten Morgen ita ce gaisuwar safe, Danke kuma godiya, ƙidaya tana farawa da eins, zwei, drei. Bajamushe yana ce wa aboki du, amma babba ko baƙo sai ya ce masa Sie, kamar yadda yaro mai tarbiyya yake ce wa dattijo "ku". An san Jamusawa da cika lokaci, da rarrabe shara gida-gida, da mayar da kwalaben roba shago domin a karɓi kuɗin da aka ajiye a kansu. Yawancin shaguna a rufe suke ranar Lahadi, tsarin mulkinsu ma ya kare ranar a matsayin ranar hutu. Iyali su zaɓi ɗaya daga cikin halayen nan su gwada har mako guda, misali isa sujada kafin a fara waƙar farko.

Yara za su ga hotunan bikin Oktoberfest na birnin Munich, wanda aka fara a 1810, inda ake shan giya mai yawa. Kada a ɓoye musu. A gaya musu cewa kowace al'umma tana da abin koyi da abin bari, aikin mai hankali kuwa shi ne ya gwada kome, ya riƙe mai kyau.

Darasi na 3: Littafi a harshen uwa

Ranar 31 ga Oktoba ita ce ranar tunawa da Gyaran Ikilisiya, hutu ce kuma a wasu jihohin Jamus. Labarin ya fara da Johannes Gutenberg na birnin Mainz, wanda ya ƙera haruffan ƙarfe da ake jerawa a buga shafi, a warware su, a sake jera wani. Wajen 1455 ya buga Littafi Mai Tsarki na Latin. Kafin haka da hannu ake kwafe littattafai a Turai, sai mai dukiya ke mallakarsu. Yara su yanka dankali biyu, su sassaƙa harafi a jikinsa, su tsoma a tawada su buga a takarda. Nan da nan za su gane cewa sai an sassaƙa harafin a juye kafin ya fito daidai.

A 1517 Martin Luther, malami a Jami'ar Wittenberg, ya fitar da batutuwa 95 a kan sayar da takardun gafara. Da aka ɓoye shi a fadar Wartburg domin tsare ransa, ya fassara Sabon Alkawari zuwa Jamusanci cikin kimanin mako goma sha ɗaya, aka buga shi a 1522. Cikakken Littafi Mai Tsarki ya biyo baya a 1534. Ra'ayinsa shi ne mai fassara ya saurari yadda uwa take magana a gida da yadda talaka yake magana a kasuwa. A 1529 ya rubuta Ƙaramin Katakizim, tambayoyi da amsoshi a kan Dokoki Goma, Shaidar Bangaskiya da Addu'ar Ubangiji, ya kuma tsara shi domin maigida ya koya wa iyalinsa. Ashe makarantar gida tsohuwar al'ada ce a wurin Jamusawa masu bi. A koyar da wannan tarihi ba tare da zagin kowace ɗarika ba, gama Katolika da Furotesta suna zaune lafiya tare a Jamus ta yau.

Darasi na 4: Ranar baƙin ciki da ranar murna

Wannan darasi na yara manya ne, a kuma yi shi da natsuwa. Ranar 9 ga Nuwamba tana ɗauke da abu biyu a tarihin Jamus. A daren wannan rana a 1938, a ƙarƙashin mulkin Adolf Hitler, aka ƙone majami'un Yahudawa, aka farfasa shagunansu. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, an kashe Yahudawa miliyan shida. Wannan ya faru a ƙasar da yawancin mutanenta an yi musu baftisma, masu ilimi da tsabta da cika lokaci. Masu bi da yawa sun yi shiru, wasu ma sun goyi baya. Kaɗan ne suka tsaya, kamar waɗanda suka fitar da Shelar Barmen a 1934, da Fasto Dietrich Bonhoeffer wanda aka rataye ranar 9 ga Afrilu 1945 yana da shekara 39.

Afirka ma tana da nata tabon. A Berlin aka yi taron 1884 zuwa 1885 inda Turawa suka shata ƙa'idojin rabon nahiyar, babu ɗan Afirka a teburin. Jamus ta mallaki Kamaru har 1916, garuruwa irin su Mubi da Dikwa sun taɓa zama ƙarƙashinta. A Namibiya sojojinta sun hallaka Herero da Nama tsakanin 1904 da 1908, abin da gwamnatin Jamus ta amince a 2021 cewa kisan ƙare dangi ne.

Abin koyi shi ne yadda Jamusawa suke tunawa da laifinsu. Ana koyar da shi a makarantu. A bakin ƙofofin gidaje an dasa ƙananan allunan tagulla fiye da 100,000 a Jamus da sauran ƙasashen Turai, kowanne da sunan wanda aka tsananta wa. Ƙiyayyar da ta kai ga wannan ta fara da ba'a da sunayen raini da yara suka ji a bakin manya. A unguwa irin Shamaki, inda kabilu da addinai dabam-dabam suke maƙwabtaka, iyaye su auna abin da suke faɗa a kan maƙwabta a gaban 'ya'yansu.

A wannan rana kuma a 1989 aka buɗe katangar Berlin, wadda ta raba birnin tun 1961. Wata guda kafin haka, bayan addu'ar salama ta ranar Litinin a majami'ar Nikolai ta Leipzig, mutane kimanin 70,000 suka fita titi da kyandirori, ba da makami ba. Ƙasar ta sake haɗewa ranar 3 ga Oktoba 1990.

Darasi na 5: Fitilun Martin

Kwana biyu bayan haka, ranar 11 ga Nuwamba, yaran Jamus sukan fita da magariba riƙe da fitilun takarda da suka yi da hannunsu, suna waƙa. Suna tunawa da Martin na Tours, sojan Roma na ƙarni na huɗu. Labarin da aka gada ya ce ya tarar da wani maroƙi yana rawar ɗari a ƙofar gari, sai ya zare takobi ya raba alkyabbarsa biyu, ya ba shi rabi. Daga baya ya bar aikin soja ya zama bishop. A ranarsa aka yi wa Luther baftisma a 1483, shi ya sa aka raɗa masa sunan.

Ranar ta zo daidai da shigowar hunturu a Gombe. Yara su huda gwangwanin madara da ƙusa, a sa guntun kyandir a ciki, babba yana tsaye a kansu. Bayan haka kowane yaro ya zaɓi riga ko bargo mai kyau daga cikin nasa, iyali su kai wa wanda sanyi yake damu, ko wane ne shi. Fitilar da ba a haɗa da kyautar ba wasa ce kawai. A karanta Matiyu 25:34-40.

Darasi na 6: Jiran Kirsimati

Lahadi huɗu kafin Kirsimati su ne lokacin da Jamusawa suke kira Advent, wato jiran zuwan Almasihu. A 1833 Johann Hinrich Wichern ya buɗe wani gida a Hamburg mai suna Rauhes Haus domin yaran talakawa marasa mai kula. Kowace shekara sukan dame shi da tambayar yaushe Kirsimati zai zo. A 1839 ya ɗauki ƙafar keken doki, ya jera manyan kyandirori farare huɗu domin ranakun Lahadi, da ƙanana jajaye domin sauran ranaku. Kowace rana a kunna ɗaya a wurin addu'a, haske yana ƙaruwa har ranar ta zo. Daga nan aka sami zoben ganye mai kyandir huɗu da ake gani a gidajensu. Tsohon rim ɗin keke, irin wanda yara suke gare da shi, ya isa a yi wannan a gida. Kowace Lahadi a kunna kyandir ɗaya, a karanta annabci ɗaya daga Ishaya ko Mika.

A daren 5 ga Disamba yara sukan goge takalmansu su ajiye a bakin ƙofa, da safe su tarar da alewa da lemo. Ana yin haka domin tunawa da Nikolas, bishop na Mira a ƙasar Turkiyya ta yau, wanda aka sani da kyauta a ɓoye. Daga labarinsa ne siffar dattijon nan mai jar riga ta samo asali, bayan 'yan kasuwa sun yi mata nasu gyaran. Itacen Kirsimati kuwa irin wanda ganyensa ba ya zubewa ne ko da ƙanƙara ta rufe ƙasa, saboda haka ya zama alamar rai a tsakiyar lokacin sanyi. Ya yi suna a Ingila a shekarun 1840 ta wurin Yarima Albert, Bajamushen da ya auri Sarauniya Victoria. Babban taron iyali a Jamus shi ne maraicen 24 ga Disamba, sa'ad da ake zuwa sujada, a dawo a buɗe kyautai.

A nan iyaye su faɗi wani abu mai nauyi. Kasuwannin Kirsimati na Jamus suna cika maƙil kowace shekara, na Dresden ma tun 1434 ake cinsa. Amma a ƙarshen 2021 mambobin manyan ikilisiyoyin ƙasar biyu, Katolika da Furotesta, sun gaza rabin jama'a a karo na farko. A gidaje da yawa kyandir yana ci, itace yana ƙyalli, labarin da aka kunna su dominsa kuwa ba a ba da shi. Al'ada tana iya daɗewa bayan dalilinta ya ɓace, kuma abin da ya sami zoben Wichern yana iya samun ankon Kirsimati da shinkafar biki a Gombe. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Me ya sa Schön ya bukaci Dorugu, kuma me wannan yake koyarwa game da darajar harshen gida?
2. Wace al'ada ce ta Jamusawa ta yi kama da wadda iyali suke yi, kuma ina suka bambanta?
3. Ta yaya mutane masu ilimi da tsari suka yarda aka hallaka maƙwabtansu?
4. Wace al'ada ce ake yi a gidan nan wadda yara ba su san dalilinta ba?

Kammalawa

A maraicen ƙarshe yara su gayyato kaka ko wani dattijo na ikilisiya, su nuna masa littattafansu, su ba shi labarin Dorugu da na Wichern. Shi kuma ya ba su labarin yadda aka yi Kirsimati da godiyar girbi a ƙauyensu sa'ad da yake yaro, da waɗanda suka fara kawo bishara can. A rubuta abin da ya faɗa a shafin ƙarshe na littafin, da kwanan wata. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, yaron da ya saba tambayar dalilin al'ada kuwa, ko ya zauna a Shamaki ko wata rana ya sauka a Frankfurt, zai san abin da zai ɗauka da abin da zai bari.

Abin addu'a: iyali su gode wa Allah domin waɗanda suka sha wahala har Maganarsa ta shigo harsunan ƙasar nan, su roƙa wa ikilisiyar Jamus farkawa, su kuma roƙi hikima ga iyaye da zaman lafiya ga jihar Gombe.